WAƘAR HARSUNA DA SHARHINTA: SHIN MAI KOYAR DA TURANCI YANA DA LADA?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, ka sani dalilin wannan 'yar waƙa da sharhinta shi ne wata tambaya da wani ɗana na karatu ya kawo mini a zaurena a nan Krofrom, cikin Kumasi. Shi wannan yaro a hannuna ya sauke Alƙur'ani, ya karanta Ahalari da Iziyya, daga baya ya yi karatun boko har ya zama ticha a wata makarantar Turanci da Larabci. Shekara uku ke nan yana ba da darasin Turanci kyauta bayan sallar lisha, maza a zaure, mata a cikin gida. Ɗalibansa manya ne waɗanda makaranta ta wuce su: teloli, da yaran mota na tashar da ake lodin Bolga da Tamale, da 'yan mata masu ɗaukar kaya a kasuwar Kejetia. Ran nan ya zo ya durƙusa, ya ce, "Malam, abu biyu ke damuna. Wani dattijo ya ce mini wahalar banza nake yi, ba lada ga mai koyar da harshen Nasara. Sa'an nan wani da na koyar shekara biyu, har ya sami aiki da abin da na koya masa, mun gamu a Adum ya kau da kai kamar bai san ni ba. In babu lada wurin Allah, babu godiya wurin mutane, don me nake hana kaina barci?"

Ban amsa masa a daren ba, domin tambayar ta taɓa wani tsohon miki a zuciyata. Na kwana uku ina juya ta, sa'an nan na tsara waɗannan baitoci.

Na fara da sunan Rabbu mai kyauta duka,
Shi ne ya rarraba harsuna cikin duniya.

Salati ga Manzo, alu har da sahabu nai,
Da malamai masu nuna wa bayi hanya.

Sharhi: Na buɗe da ambaton harsuna da gangan. A cikin Suratur Rum, aya ta 22, Allah ya lissafa saɓanin harsunan 'yan Adam da launukansu a cikin ayoyinsa, tare da halittar sammai da ƙasa. To abin da Allah ya kira ayarsa, wa ya isa ya kira shi najasa? Larabci yana da fifiko saboda da shi aka saukar da Littafi, kuma da shi muke salla. Wannan ba gardama. Amma Hausar da nake rubutu da ita, da Tonanci da muke ciniki da shi a kasuwa, da Dagombanci, da Turanci, duk halittar Allah ne, ba wanda wani sarki ya ƙera a maƙerarsa.

Ɗana ya zo ya tambaye ni da damuwa,
Koyad da Turanci, da lada ko sai wuya?

Na ce harshe ƙwarya ne, ka dubi abin ciki,
Nono da giya duk ƙwarya kan ɗauka ɗaya.

Sharhi: Wannan ita ce amsar mas'ala ta farko a taƙaice. Hukuncin harshe yana bin abin da aka zuba a cikinsa da niyyar mai zubawa. Abu Jahali da Larabci tsantsa ya zagi Manzon Allah, kuma yau akwai dubban mutane a Ingila da Amurka waɗanda da Turanci aka fara yi musu bayanin tauhidi.

Amma fa kada ka raina dattijon da ya faɗi waccan magana, domin ba daga jahilci kaɗai ta fito ba. Kakanninmu da suka zauna Zangon Kumasi bayan Ingilishi sun mamaye garin a 1896, sun ga makarantun farko a hannun 'yan mishan suke, na Basel da na Wesley da na Katolika. Sun ga yaro ya shiga da suna Musa ya fito da wani suna, ya daina alwala. Wanda ya ga haka da idonsa, in ya ce ɗansa ba zai je ba, addininsa yake tsaro, kuma muna fata Allah ya ba shi ladan niyyarsa. Sai dai illar a wancan zamani tana ga wanda ke riƙe da ƙwaryar. Yanzu kuwa al'amari ya sake. Tun 1987 gwamnatin Gana ta kafa sashe na kula da makarantun Islamiyya a ƙarƙashin hukumar ilmi ta ƙasa, yaro yana karanta Larabci da Turanci da lissafi a ɗaki guda, malamansa Musulmi. Malaman usulu sun ce hukunci yana kewayawa tare da illarsa, in ta tafi ya tafi. Wanda ya riƙe fatawar jiya bayan dalilinta ya gushe, kamar mai yin taimama ne a bakin kogi.

Zaidu ya koyi rubutun Yahudu da umurni,
Don kar a karanta wa Manzo wasiƙa da ƙarya.

Sharhi: Zaidu ɗan Sabitu ke nan, marubucin wahayi, Allah ya yarda da shi. Ya zo a cikin Abu Dawuda da Tirmizi cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umurce shi ya koyi rubutun Yahudawa, saboda bai amince wani ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta masa amsa ba. Zaidu ya koya cikin kimanin rabin wata. Ka lura da dalilin, watau kada al'umma ta zama sai abin da wani ya ga damar fassara mata. Haka kuma masu tarihi sun kawo cewa bayan yaƙin Badar, shekara ta 2 bayan hijira, kamammun da ba su da dukiyar fansar kansu amma sun iya rubutu, an sa kowane ya koyar da yara goma na Madina, ya zama fansarsa. Waɗannan malamai mushirikai ne, jiya-jiya suka zare takobi a kan Musulmi, duk da haka aka zaunar da 'ya'yan Ansar a gabansu.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan hijira, ya bayyana a cikin Ihya'u cewa ilmin da rayuwar jama'a ba ta tsayuwa sai da shi, kamar likitanci da lissafi, farali ne na kifaya: in wasu suka tsaya da shi ya faɗi a kan saura, in kowa ya bari duk gari ya yi laifi. To a ƙasar da tun samun mulkin kai a 1957 kotu da asibiti da takardar fili da jarrabawa duk da Turanci ake yinsu, ina shakka cewa saninsa ya shiga wannan babi? Kuma ka tuna Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta ware don koyarwa a makarantu, ko da yake ana jin ta a rediyo. Ɗan Zango yana tashi da Hausa a gida, Tonanci a titi, Larabci a allo, sa'an nan ranar jarrabawa a tambaye shi da harshe na huɗu. Wanda ya kama hannunsa ya ƙetare da shi wannan rafi, ya ɗauke wa unguwa duka wani nauyi.

Ranar da takarda ta iso Zango da Turanci,
Mai Risala a kai ya koma bai ganin hanya.

Sharhi: Wannan baiti abin da na gani ne da idona. Ranar 18 ga Nuwamba 1969, zamanin mulkin Busia, aka fitar da doka cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa cikin mako biyu. Ina yaro ɗan shekara tara. Kakana daga Kano ya zo da fataucin goro, mahaifina a nan Kumasi aka haife shi, amma a wannan mako ba wanda ya san matsayinsa. Na ga mahaifina, mutumin da ake tasowa daga Yendi da Salaga a ɗauki Risala da Muhtasar a gabansa, yana tsaye a layi a gindin bishiya kusa da gidan waya, yana jiran wani yaro mai keken rubutu ya gaya masa abin da takardar hannunsa ta ƙunsa. Ni nake riƙe da buzunsa. Allah ya ƙaddara mu muka zauna. Amma maƙwabcinmu, wani mahauci, ya dangwala yatsa a takardar da aka ce masa ta ajiyar gida ce har ya dawo, ashe ta sayarwa ce. Ya hau mota zuwa Nijeriya da 'ya'yansa, ba mu sake ganinsa ba.

Bayan wannan mahaifina ya sa ƙanena a makarantar boko, ni kuwa ya ce in tsaya ga littattafai, kada gidan ya rasa mai gadon zaure. Ban zarge shi ba, Allah ya ji ƙansa. Amma duk lokacin da wani ya ce mini babu lada ga koyar da Turanci, sai in tuna yatsan mahaucin nan da tawada a jikinsa. Da a ce akwai mutum guda a gidansa da wani ticha ya koya wa karatu, da gidan bai tafi ba. Tsare dukiya yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don kiyaye su, tare da addini da rai da hankali da zuriya.

Wanda ya ba ka baƙi guda, ko ba naka ne ba,
Haƙƙinsa na wuyanka, sai ka biya da godiya.

Sharhi: Nan muka shiga mas'ala ta biyu, kuma nan zan tona asirin kaina, domin malamin da ke wa'azi da laifin wasu kaɗai bai cika amana ba. Ina da kimanin shekara arba'in lokacin da na gaji da kai wasiƙuna wurin yara su karanta mini. A bayan gidanmu akwai wani dattijo Batone, Kirista, tsohon ticha da ya yi ritaya. Yana cikin malaman Gana da suka tafi koyarwa Nijeriya zamanin arzikin mai, ya zauna Sakkwato, ya dawo a 1983 lokacin da aka kori baƙi daga can, don haka yana jin Hausa sarai. Na roƙe shi ya koya mini, ya yarda. Shekara biyu ina zuwa wurinsa dare uku a mako. Bai taɓa karɓar ko sidi ɗaya ba. In lokacin salla ya yi shi ke tuna mini, har ya tanadi buta da tabarma saboda ni. Bai taɓa yi mini dariya ba, ko ranar da na kasa bambance baƙaƙen da yaro ɗan aji ɗaya ya sani.

To ga abin kunyar. Ta ƙofar baya nake shiga, don kada almajiraina su ga malaminsu yana durƙuson ɗalibta gaban wanda ba Musulmi ba. Da na iya, mutane suka fara tambaya ina na koya, sai in ce haka nan na tsinta. Wata rana ina tafe da manyan baƙi muka gamu da shi a hanya, na ɗaga masa hannu daga nesa kamar yadda ake yi wa kowane maƙwabci, na wuce. Na yi ta cewa a raina wata rana zan je in yi masa godiya ta sosai, da goro da turmin atamfa. Ban je ba har ya rasu. Da na je gaisuwa, 'yarsa ta fito da wani littafin rubutu, ta ce Baba ya ajiye wannan. Na buɗe, sai ga rubutuna na farko, karkatacce kamar tafiyar kaza, ya yi masa gyara da jan alƙalami, ya adana shi shekara da shekaru.

Hadisi ya tabbata cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, kuma ba a ce mutanen sai Musulmi ba. Mun karanta Ta'alimul Muta'allimi na Zarnuji tun muna yara, mun san ilmi ba ya albarka sai da girmama mai ba da shi, amma muka ɗauka wannan ladabi na malamin fiƙihu ne kaɗai. Kuskure ne. Alhaji Umaru na Kete-Karaci, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a 1934, ya yi waƙoƙi na baƙin cikin zuwan Nasara, amma wannan bai hana shi zama da Bajamushen nan Mischlich ba, yana rubuta masa labarun ƙasar Hausa da ajami. Manya sun san ƙin mulkin mutum daban, mu'amalar ilmi da shi daban.

Saboda haka na ce wa ɗana: wanda ya kau da kai daga gare ka a Adum ya yi laifi, ba na wanke shi. Amma kada ka yi saurin cewa raini ne. Sau da yawa kunya ce. Babba ba ya son ganin wanda ya san ranar da bai iya rubuta sunansa ba. Ni na san wannan ciwo, domin na yi shi.

Kai ko mai koyarwa, kar ka tsaya jiran yabo,
Ba mai haƙa kaɗai ka shan ruwan rijiya.

In godiya ta zo ka karɓa da hannu biyu,
In ba ta zo ba, koma ka binciki niyya.

Sharhi: Godiya wajibi ce a kan ɗalibi, amma ba bashi ba ce da malami zai bi. Waɗannan magana biyu ba su karo da juna, kamar yadda aka umurci mawadaci ya bayar, aka kuma umurci matalauci ya kame daga roƙo. Gazali ya lissafa cikin ladubban mai koyarwa cewa kada ya nemi sakayya ko godiya a kan koyarwarsa, har ma ya ga ɗalibai su ne da falala a kansa, tun da su suka ba shi zukatansu ya yi shuka, kamar wanda ya ara maka gona ka noma amfanin ya zama naka.

Idan ka ce, to ashe jin daɗin godiya laifi ne? Sai in ce a'a. Ya zo a cikin Muslim cewa an tambayi Annabi game da mutumin da ya yi aikin alheri mutane suka yabe shi, ya nuna wannan bushara ce da aka gaggauta wa mumini. Abin da ake tsoro shi ne yabo ya zama shi ne man fitilar, in ya ƙare ta mutu. Ga ma'auni mai sauƙi: dubi ɗalibin da ya gode da wanda bai gode ba, in gobe suka dawo tare, shin za ka koyar da su da ƙoƙari ɗaya? In ka iya, niyyarka ta tsira. In ka ji hannunka ya yi nauyi ga na biyun, to akwai gyara, kuma butulcinsa ya zama rahama gare ka, tun da ya nuna maka ɓarakar tun kana da rai.

Haka kuma albashi ba ya ɓata lada. Malamanmu na Malikiyya sun halatta karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani kansa, mu ma da kuɗin Laraba aka raine mu, balle koyar da Turanci. Ticha mai cin albashin gwamnati, in ya shiga aji a kan lokaci, ya yi haƙuri da yaron da harshensa ya yi nauyi, da nufin amfanar bayin Allah, yana da albashinsa yana da ladansa.

Na kuma tuna wa ɗana abin da shi ya manta. A cikin 'yan matan da yake koyarwa akwai wata da ta zo daga arewa tana ɗaukar kaya. Ɗanta ya yi zazzaɓi, aka ba ta magani a asibiti, ta karanta da kanta cewa rabin cokali ne sau uku, alhali wata maƙwabciya ta ce mata cokali biyu. Da yaron ya warke ta zo da kwanon wake da shinkafa, ta ajiye a ƙofar zaure, ta kasa cewa komai. Shi kuwa ya so ya mayar mata don tausayi. Na ce kul, karɓi ka ci, ka sa mata albarka, domin mayar da godiyar talaka wani nau'in girman kai ne. Ɗana ya riƙe fuskar mutum ɗaya da ya kau da kai, ya manta kwanon nan. Haka zuciya take, ƙaya ɗaya ta fi damunta da inuwar bishiya duka. Kuma hadisi ya tabbata cewa ilmin da ake amfana da shi yana cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa. Yarinyar nan za ta koya wa ɗanta, shi ya koya wa nasa, ba wanda zai san sunan tichan farko, amma Mai rubutawa ya sani.

Harshen da ya buɗe ƙofa kan rufe wata,
In yaro ya san shi ya raina uwa, ba kunya.

Sharhi: Ba zan rufe ba sai na faɗi sharaɗi, kada a ce na buɗe ƙofa ban sa mata ƙyaure ba. Mun ga yaran da suka iya Turanci suka fara jin kunyar Hausar iyayensu, suna gyara wa tsoho magana a gaban mutane. Mun ga waɗanda suka mai da shi tarko, suna rubuta wa mutanen ƙasashen waje ƙarya ta intanet suna cin dukiyarsu, abin da ake kira sakawa a ƙasar nan, kuma abin takaici kalmar daga Hausarmu aka ɗauke ta. Shin tichansu yana da kamasho a zunubin? In ya koyar da kyakkyawar niyya bai san nufinsu ba, ba shi da laifi, kamar maƙerin da ya ƙera wuƙar yanka wani ya yi ta'adi da ita. Amma in ɗalibi ya zo ya ce koya mini yadda zan tsara wasiƙar yaudara, to koyarwar ta haramta, domin an hana taimakekeniya a kan saɓo. Kuma ya kamata mai koyarwa ya riƙa zuba ladabi tare da baƙaƙe, ya gaya wa yaro cewa uwar da ba ta iya karanta takardar asibiti ba ita ce ta yi dakon kayan da aka saya masa littafi. Wanda ya ƙara harshe bai yar da na gida ba, shi ne ya ci riba.

Ya Rabbu gafarta mini, da wanda ya koya mini
In na gaza haƙƙinsa, kai ne Masanin gaskiya.

Sharhi: Ma'anar baitin, ina neman gafarar Allah a kan haƙƙin duk wanda ya koya mini wani abu na gaza gode masa, al'amarin kowa kuwa yana hannun Ubangijinsa, shi ne Mai adalci. Abin da ya rage a hannuna shi ne in faɗi alherin tichana a fili bayan na ɓoye shi, in kuma kyautata wa zuriyarsa, ga shi na fara da wannan takarda. Kai kuma mai karatu, in akwai wanda ya koya maka ko da baƙi ɗaya ne, na allo ko na boko, kuma yana da rai, kada ka jira sai ka tara kuɗin atamfa. Tashi ka je yau da bakinka.

Ɗana ya koma ga darasinsa, har ɗalibai sun ƙaru, mun sayo benci biyu. Allah ya sa albarka a cikin abin da yake yi, ya shiryi wanda ya kau da kai, ya ji ƙan iyayenmu da malamanmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, wanda ya gani ya gyara. Wallahu a'alamu.

Tammat bi hamdillahi.